SUNAN BAUCHI A JAN LITTAFIN DUNIYA: TARIHIN MUTUM-MUTUMIN YUMƁU DA MASU TARA SU



A shekarar 2000, Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wadda ake kira ICOM, ta fitar da jerin kayan tarihin Afirka da suka fi fuskantar sata da fasa-ƙwauri. Ana kiran jerin da suna Jan Littafi, kuma an raba shi ga jami'an kwastam da 'yan sanda da masu gwanjo a ƙasashe, don su gane kayan idan sun gan su. Cikin abubuwan da aka lissafa akwai mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok, kuma da aka zo faɗin inda suke fitowa sai aka ambaci wurare uku: tsaunukan Bauchi, da yankin Katsina, da yankin Sakkwato.

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin cewa sunan Bauchi yana cikin irin wannan jeri ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin abin daga tushe: mene ne waɗannan mutum-mutumi, wa ya yi su, yaya aka yi suka cika ɗakunan attajirai a Turai da Amurka, kuma me ya shafe mu a nan unguwa, inda kullum ake haƙa harsashin gini da rijiya da shadda.

YADDA SUNAN BAUCHI YA SHIGA

Abin da Turawa suka daɗe suna kira tsaunukan Bauchi shi ne abin da muka sani yau da tsaunukan Jos. A farkon mulkin mallaka yankin yana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke shi aka kafa Lardin Filato. Ko ƙaramin jirgin ƙasan da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗaukar kuza, wanda ya yi aiki har 1957, da sunan Bauchi aka san shi, alhali bai taɓa isowa garin Bauchi ba. Sunan ya zauna a tsofaffin taswirori da littattafai, daga nan ya shiga Jan Littafi.

Kuzar nan ita ce silar komai. A 1928, ana wankin kuza kusa da ƙauyen Nok, wanda yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Jaba a Jihar Kaduna, sai ma'aikata suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Wani Bature mai hannu a kamfanin haƙar, Kanal Dent Young, ya kai shi ɗakin ajiya na Ma'aikatar Ma'adinai a Jos. Nan ya zauna shekara da shekaru ba wanda ya san darajarsa.

A 1943 aka sake samun wani kai, na mutum wannan karon, a wajen Jama'a. Wani ma'aikacin mahaƙar ne ya tsince shi, ya kai gonarsa ta doya ya kafa a kan sanda don korar ɓarna. Wato ya mai da shi mutum-mutumi irin wanda muka sani a gona. Daga baya kan ya isa hannun wani matashin jami'in mulki a Jos mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin binciken kufai a Ingila. Da ya haɗa shi da na 1928 sai ya lura hannu iri ɗaya ne: yadda aka yi ido, da yadda aka huda shi, da irin yumɓun. Ya shiga bin mahaƙan kuza yana roƙon leburori da su daina jefar da irin waɗannan abubuwa, su riƙa kawo masa. Shi ne ya sa wa al'ummar da ta yi su suna Nok, saboda ƙauyen da aka fara tsintuwa. Abin da ya tara ya zama harsashin Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, tafiyar kimanin kilomita 130 daga nan.

KAMANNINSU

Wanda ya taɓa ganin ɗaya ba zai kasa gane na biyu ba. Idon yana da kusurwa uku ko kuma siffar rabin wata, an huda tsakiyarsa. Hanci da kunne da baki su ma sau da yawa a hude suke. Kan ya fi girman da ya kamata idan aka gwada da jiki. Akwai kitso da tukkaye iri-iri, da tarin duwatsun wuya da na hannu da na ƙugu. Wasu a tsaye, wasu a durƙushe, wasu a zaune sun ɗora haɓa a kan gwiwa. Cikinsu rami ne, domin da nannaɗen yumɓu aka gina su kamar yadda mata ke gina tukunya, kuma hudojin nan suna taimaka wa iska ta fita lokacin gashi don kada abin ya fashe. Akwai ƙanana da za a rufe a tafin hannu, akwai kuma waɗanda da a cike suke da sun haura mita ɗaya.

Ba mutane kaɗai suka siffanta ba. An samu kan giwa a Udegi cikin Jihar Nasarawa, an samu birai da macizai da raguna, an kuma samu siffofin da suka haɗa mutum da dabba, kamar mutum mai bakin tsuntsu. Wasu kuma suna nuna masu larura, irin su kumburin gaɓa da karkacewar fuska. An same su a faɗin ƙasa mai yawa, tun daga Kagara a Jihar Neja har Katsina-Ala a Jihar Binuwai.

Na Sakkwato suna da gira mai nauyi da ta sauko kan ido, yawancinsu maza masu gemu. Na Katsina kuma galibi mutum ne a zaune bisa wani abu mai kama da kifaffiyar tukunya.

ABIN DA ƘASA KE FAƊA IDAN AN BAR TA

Kayan da Fagg ya fara tarawa suna da matsala guda. Daga cikin yashi da tsakuwar rafi aka tono su, inda ruwa ya kwaso su ya zubar tun zamanin da. Ba a san gidan da suka fito ba, ba a san abin da ke gefensu ba. Shi ya sa ya ci gaba da neman wurin da mutanen suka zauna da kansu. A shekarun 1960 aka tona Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, aka samu gutsattsarin mutum-mutumi tare da tsingaro da murahun narka tama. Da aka gwada gawayin murahun sai aka ga sun haura shekara 2,300. Daga nan duniya ta san cewa mutanen tsakiyar Nijeriya suna cikin na farko-farko da suka iya narka ƙarfe a Afirka kudu da Sahara.

Ku lura da abin da ya ba da wannan amsa: gawayi. Abin da mai haƙa don sayarwa zai watsar da shebur ba tare da ya dube shi ba.

Daga 2005 wata tawaga ta Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, ta fara dogon bincike tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos. Sun kafa sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko. Ga kaɗan daga abin da aikin ya fito da shi.

Al'ummar ta fara tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, wato kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Yin mutum-mutumin ya bunƙasa daga wajen shekara ta 900 kafin haihuwarsa, kuma al'adar ta ɓace daf da lokacin haihuwar tasa.

Manoma ne da ke zaune a ƙananan gidaje a warwatse. Ƙonannun ƙwayoyin da aka tace daga ƙasa sun nuna gero da wake suke nomawa, abincin da ke tukunyarmu har gobe. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka gwada maiƙon da ya shige jikin tsingaron, suka samu alamar kakin zuma. Wannan yana cikin hujjoji mafi daɗewa na cin zuma a Afirka ta Yamma.

Yumɓun tukwanen girki ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma yumɓun mutum-mutumin kusan iri ɗaya ne a wurare masu nisa da juna. Wannan ya nuna akwai gwanaye na musamman da ke yin su ana rarrabawa.

Kusan duk waɗanda aka tono ta hanyar ilimi a farfashe aka same su, an zuba gutsattsarin a ramuka, kuma alamu sun nuna da gangan aka fasa su. A wasu wurare, kamar Ifana da Pangwari, ramukan suna kusa da jerin duwatsu da cikakkun tukwane da sarƙar duwatsun wuya, abin da masanan suka fassara da kaburbura. A Pangwari an kuma samu siffar kwalekwale da mutum biyu suna tuƙi.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan bayanai da za a iya samu daga mutum-mutumin da ke kan kanta a wani shago a Faris. An same su ne saboda an auna zurfin ƙasa, an rubuta abin da ke kusa da me, an tace toka, an ajiye tsingaro. Idan aka cire abin daga mazauninsa ba tare da wannan ba, an samu kayan ado, an rasa shaida, kuma ba a tona wuri sau biyu.

Aikin bai rasa suka ba. Wasu malaman Nijeriya, ciki har da Farfesa Zacharys Gundu na Zariya, sun soki yadda aka fitar da kayan zuwa Jamus don gyara da baje koli a Frankfurt a 2013, kafin 'yan ƙasa su gan su. An dawo da kayan bayan nunin, aka kai su Gidan Tarihi na Kaduna. A watan Fabrairun 2017 kuma 'yan bindiga suka sace Breunig da abokin aikinsa a yankin Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. An sako Turawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon fili ya tsaya. Rashin tsaro ya ci rayuka, ya kuma ci ilimi.

KURA DA SHAN BUGU

Tun shekarun 1970 ake satar fitar da kayan Nok, amma a tsakiyar shekarun 1990 abin ya zama annoba. Darajar naira ta faɗi, rayuwa ta yi tsada, a Turai kuma kasuwar kayan fasahar Afirka ta buɗe. Dillalai suka riƙa ɗaukar matasan ƙauye da yawa suna haƙa gonaki da gindin duwatsu rami bayan rami. Abin da aka samu sai a bi da shi ta Kwatano da Lome, daga can zuwa Brussels da Faris da Landan da New York. A lokacin ne aka yashe wurare a Katsina da Sakkwato da Kwatarkwashi ta Zamfara. Kusan duk abin da duniya ta sani na mutum-mutumin Katsina da Sakkwato daga hannun 'yan kasuwa ya fito. An san kamanninsu, an rasa gidajensu. Tawagar Frankfurt ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren Nok da aka sani a yankin bincikenta an riga an yi musu haƙar sata.

A cikin wannan ciniki, mai haƙa shi ne ƙarshen layi. Shi ke shiga rami, shi ke ɓata gonarsa, shi doka za ta fara kamawa, kuma abin da ake ba shi bai kai ƙura ba idan aka gwada da farashin ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kasuwar ta kuma haifar da jabu. Mai saye yana son cikakken mutum-mutumi, ƙasa kuwa gutsattsari take bayarwa. Sai masu dabara suka koyi haɗa kan wannan da jikin wancan, su niƙa tsohon tsingaro su cike giɓi, su shafe da ƙasa. Akwai gwajin da ake yi don sanin lokacin da aka gasa yumɓu, amma ɗan ɓarɓashi ake ɗiba daga wuri ɗaya ko biyu, don haka idan aka dasa tsohon gutsure a inda za a ɗiba sai gwajin ya ce abin tsoho ne. Har sai da aka koma saka su a na'urar hoton asibiti don a ga ɗinkin da ke ciki. Ɓarnar ta zama biyu: an lalata wuraren asali, an kuma cika littattafan masu tarawa da siffofin da mutanen Nok ba su taɓa yi ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun sha irin wannan. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 masanin nan Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya tona ta, ya fito da tulunan binne mamata masu kawunan mutane da sanannen mahayin dokin Bura. Da aka baje kayan a wani babban nuni da aka fara a Faris a 1993, sai masu tarawa suka gan su suka yi sha'awa. Cikin 'yan shekaru aka yashe mafi yawan wuraren Bura.

Can ƙasar Meziko ma haka. A yammacin ƙasar, a jihohin Colima da Jalisco da Nayarit, mutanen da suka rayu tun kafin zuwan Sifaniyawa a 1519 suna binne mamatansu a kaburbura masu zurfi kamar rijiya, tare da mutum-mutumin yumɓu da siffofin karnuka masu ƙiba. Masu tarawa a Amurka da Turai suka so karnukan nan, aka yashe kaburburan kusan kaf. Sai a 1993 masana suka samu wani babban kabari da ɓarayi ba su taɓa ba, a Huitzilapa. Meziko ta kafa doka mai tsauri a 1972 da ta mai da irin waɗannan kaya mallakar ƙasa, kuma har yau tana bin gidajen gwanjo tana ƙalubalantar cinikinsu. Duk inda aka samu mai saye da ba ya tambayar asali, za a samu mai haƙa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

UKUN DA KE FARIS

Labarin da ya fi fito da abin fili shi ne na Faransa. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin ƙasar ta sayi mutum-mutumi uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, daga hannun wani dillali a Brussels, don sabon gidan tarihin da Shugaba Jacques Chirac yake ginawa. A watan Afrilun 2000 aka baje su a Louvre, a daidai shekarar da Jan Littafi ya fito yana cewa irin waɗannan kaya haramun ne a fitar da su daga Nijeriya. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, domin Chirac ya nemi amincewar Shugaba Olusegun Obasanjo duk da cewa jami'an hukumar tarihi ta Nijeriya ba su so ba. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda za a iya sabuntawa. Wa'adin farko zai cika a 2027.

An samu wasu da suka dawo. A 2012 Amurka ta miƙa wa Nijeriya mutum-mutumin Nok guda 10 da jami'anta suka kama. A 2013 Faransa ta dawo da guda 5 da kwastam ɗinta suka ƙwace. A 2022 Jamus ta sa hannu kan mai da mallakar kayan tagullar Benin fiye da 1,000 ga Nijeriya. Wannan abin farin ciki ne. Amma akwai bambanci. Kayan Benin an san fadar da aka kwashe su a 1897, an san sarakunan da suke wakilta. Na Nok da aka haƙa a ɓoye, ko sun dawo, ba mai iya cewa daga wane rami suka fito.

HUJJAR MASU TARAWA

Adalci ne mu faɗi abin da masu tarawa ke cewa. Suna cewa a hannunsu kayan sun fi samun kulawa, kuma gidajen tarihinmu ba su da tsaro. Akwai gaskiya a ciki: a 1987 ɓarayi sun shiga Gidan Tarihi na Jos sun kwashe kaya masu daraja, an kuma yi irin wannan a wasu gidajen tarihin ƙasar nan a shekarun da suka biyo. Amma kayan da aka sata daga Jos ina suka nufa? Kasuwar nan dai. Mutum-mutumin da ya kwana shekara 2,500 a cikin ƙasa lafiya, ba ceto yake jira ba. Kuɗin mai saye ne ya sa aka tono shi.

Suna kuma cewa talaka ne ke samun abinci. Mun san talauci, ba labari ake ba mu ba. Sai dai abincin na rana ɗaya ne, ramin kuma na har abada. Garin da aka bar wa wurin tarihinsa yana iya samun baƙi da ɗalibai da aikin yi shekara da shekaru. Garin da aka yashe, ramuka kawai ake bar masa.

TAMBAYAR DA KE ZUKATANMU

Mun san wasu za su ce: ai waɗannan gumaka ne, me ya haɗa mu da su? Hukuncin addini na malamai ne, kuma muna girmama su. Abin da za mu iya faɗa shi ne, ba wanda ya ce a kai su ɗaki a ajiye, balle a girmama su. Maganar ita ce kada a fasa, kada a sayar, a bar masana su karanta abin da ke jikinsu, kamar yadda ake karanta tsohuwar ganuwa ko kufai. Ƙasashen Musulmi irin su Masar da Turkiyya suna adana kayan mutanen farko a gidajen tarihi. Saudiyya da kanta ta sa an shigar da Mada'in Salih cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ganin abin da al'ummar da ta shuɗe ta bari wa'azi ne ga mai hankali: sun yi noma, sun yi ƙira, sun yi ado, yau ko sunan da suke kiran kansu ya ɓace.

Ba kuma muna cewa mutanen Nok kakannin Hausawa ne ko na wata ƙabila ba. Tsakaninsu da mu akwai shekara 2,000 na ƙaura da cuɗanya. Tarihin ƙasar da muke zaune a kai ne, na Musulminmu da Kiristanmu baki ɗaya.

ABIN DA KE ƘOFAR GIDANMU

Jihar Bauchi tana da nata kayan. Akwai zanen dutse a Geji cikin Ƙaramar Hukumar Toro, inda aka zana shanu da namun daji. Akwai na Shira, akwai na Shadawanka a nan gefen gari, duk suna cikin wuraren tarihi na ƙasa. Akwai Gidan Madaki a Kafin Madaki, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka ayyana tun 1956. A Yankari akwai kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey da tsofaffin murahun narka tama. A ƙasar Kirfi masana daga Zariya sun tona tsofaffin mazaunai da wuraren ƙira. Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi a 1809, amma mutane sun zauna a gindin duwatsun nan tun kafin haka da nisa.

Gwallameji kuwa unguwa ce da ke girma da sauri saboda Kwalejin Fasaha ta Tarayya da jami'ar da ke Yelwa. Gonakin jiya sun zama ɗakunan ɗalibai. Kullum tifa na ɗibar yashi da marmara, ana fasa dutse, ana haƙa rijiya. A irin wannan aiki ne ake cin karo da tsohuwar tukunya, ko dutsen niƙa, ko kashin tama, ko tarin tsingaro. Yawanci lebura zai duba ko akwai kuɗi a ciki, in babu ya fasa ya ci gaba.

Doka ta yi magana a kan wannan. Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi, sannan Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashinta, ba a tona ƙasa don neman kayan tarihi sai da izini. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi. Ba a fitar da su waje sai da takarda. Wanda ya tsinci wani abu kuma, ana so ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma cikin kwana bakwai. Nijeriya ta kuma shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi tun 1972.

Don haka muna ba 'yan uwa shawara, musamman masu gini da magina da leburori da masu tifa:

Idan aka ci karo da wani abu, a dakata da haƙa a daidai wurin. Kada a ciro shi, kada a wanke shi, kada a zubar da ƙasa ko gawayi ko ƙashin da ke tare da shi.

A ɗauki hoto da waya yadda yake kwance, a ajiye wani abu kamar biro a gefe don a gane girmansa, a kuma ɗauki wurin daga nesa.

A sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai maganar gaba. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa yana cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma ma'aikatan wurin za su iya haɗa mutum da jami'an da suka dace.

Kada a sa hoton a intanet tare da bayanin wurin. Dillalai ma suna da waya.

Idan baƙo ya zo yana tambayar tsofaffin tukwane ko "kan mutum na ƙasa" yana nuna kuɗi, a nemi takardarsa ta hukuma. In babu, a sallame shi, a gaya wa mai unguwa.

Muna kuma kira ga hukuma da ta sauƙaƙa wa mutane. Mai fili yana tsoron a tsayar masa da gini wata da watanni, shi ya sa yake rufe bakinsa. Idan jami'ai za su zo da wuri, su yi aikinsu cikin 'yan kwanaki, su rubuta sunan wanda ya kawo rahoto a jikin abin da aka ajiye, mutane za su ba da haɗin kai. Malaman makarantun unguwa kuma, tafiya Jos ba ta fi ta yini ɗaya ba. Yaron da ya ga aikin mutanen Nok da idonsa, ya ji shekarunsa, da wuya ya girma ya sayar da irinsa.

Wani lebura ne ya tono kan farko a 1928, wani ma'aikaci ne ya adana na biyu a gonar doya. Da sun fasa su da shebur, da ba a san Nok ba. Mai yiwuwa abin da zai faɗi tarihin ƙasar Bauchi kafin ganuwa yana kwance a ƙarƙashin filin wani daga cikinmu, kuma hukuncin farko a kansa yana hannun wanda ke riƙe da diga a ranar.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da unguwarmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Gwallameji, Bauchi.